Romo a Kicin, Kwalabe a Kanta: Cin Dare a Gidajen Abincin Asiya na Unguwannin Landan

Titin Kingsland yana gabashin Landan. Ya taso daga Shoreditch ya miƙe arewa har Dalston, motocin bas masu hawa biyu suna kai da komo a kansa dare da rana. A ɓangarensa na kudu, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Hoxton, gidajen abincin mutanen Biyetnam sun jeru ƙofa da ƙofa, har mazauna birnin suka laƙaba wa wurin sunan romon da aka fi sayarwa a can, wato pho. Da yamma ta yi sai layi ya fara a bakin wasu ƙofofin: ma'aikatan ofis da jakunkuna a kafaɗa, ɗalibai, da dattawan Biyetnam waɗanda ba sa ko duba takardar abinci, domin sun san abin da ya kawo su.

Tsofaffin gidajen nan kusan kamanninsu ɗaya. Fitila fara ƙal, tebura a matse, takardar abinci mai lambobi rututu, masu hidima suna ta sauri ba su da lokacin hira. A da, da yawansu ba sa sayar da giya. Wanda yake sha sai ya sayo tasa a shagon maƙwabta ya shigo da ita. Amma a 'yan shekarun nan wani sabon salo ya bazu a unguwannin birnin, daga Hackney zuwa Peckham da Brixton. Kana tura ƙofa, abin da zai fara tarbarka doguwar kanta ce, kwalabe jere a bayanta, haske kaɗan, kiɗa ƙasa-ƙasa. Kicin yana can ciki. Takardar abincin gajeriya ce, an tsakuro daga Tailan da Malesiya da Biyetnam da Indonesiya, ta abin sha kuwa wani lokaci ta fi ta tsawo. A allon ƙofa an rubuta sana'a biyu: gidan abinci da mashaya.

Bahaushen da karatu ko aiki ya kai Ingila zai haɗu da irin wannan wuri ko ba daɗe ko ba jima. Abokan aiki za su shirya liyafar ƙarshen shekara a can, ko malamin da ke duba masa aikin digiri ya gayyaci ɗalibansa. Abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ko ya dace ya shiga, kuma za mu zo kan wannan. Amma tukuna ya kamata a san su wane ne ke tsaye a gaban murhu, da yadda aka yi kwalabe suka samu zaure, tukunya ta koma ƙuryar gida.

Waɗanda suka tsallako teku

Ranar 30 ga Afrilun 1975 birnin Saigon na kudancin Biyetnam ya faɗa hannun dakarun arewa, yaƙin Biyetnam ya ƙare. A shekarun da suka biyo baya jama'a suka riƙa ficewa daga ƙasar cikin ƙananan jiragen masunta. Kusan mutum 800,000 ne suka isa wata gaɓa da ransu tsakanin 1975 da 1995, ban da dubban da ruwa ya ci ko 'yan fashin teku suka hallaka. A watan Fabrairun 1979 Sin da Biyetnam suka gwabza a kan iyaka, zama ya gagari 'yan asalin Sin da aka haifa a arewacin Biyetnam, da yawa daga cikinsu ma suka bi ruwa zuwa Hong Kong, wadda a lokacin tana hannun Birtaniya.

A watan Mayun wannan shekarar wani jirgin dakon kaya na Birtaniya mai suna Sibonga ya tsamo kusan mutum 1,000 daga teku. Margaret Thatcher ba ta daɗe da hawa mulki ba, kuma ba da son ranta ta buɗe ƙofa ba. Bayan taron da aka yi a Janiba a watan Yuli, gwamnatinta ta yarda ta karɓi mutum 10,000 daga sansanonin Hong Kong. Sai aka yi musu abin da ya ƙara musu ɗacin baƙunta: aka warwatsa su ƙauyuka da ƙananan garuruwa, gidaje kaɗan nan, kaɗan can, wai don kada su yi wa wata hukuma nauyi. Mutumin da ba ya jin Turanci, aka kai shi garin da babu mai jin harshensa, babu shagon da ke sayar da irin shinkafar da ya saba ci, ba zai zauna ba. Cikin 'yan shekaru suka tattara komatsansu suka nufi Landan, suka taru a Hackney da Deptford da Peckham.

A Hackney, wani daga cikinsu mai suna Vu Khanh Thanh ya kafa ƙungiyar An Viet a farkon shekarun 1980. Ta samu matsuguni a wani tsohon gidan wanka na jama'a a titin Englefield, inda ake koyar da Turanci, ana taya mutane neman gida da aiki, ana kuma dafa abinci a wani ɗakin cin abinci da ya yi suna, Huong Viet. Daga baya shi Thanh ɗin har kansila ya zama a Hackney. Aikin farko da yawancin baƙin suka samu ɗinki ne, a masana'antun tufafi da suka cika yankin. Da masana'antun suka fara rufewa a shekarun 1990 saboda an mayar da ɗinkin ƙasashen da ƙwadago ya fi araha, sai mata da yawa suka koma gyaran farce, iyalai kuma suka kama shagunan da aka bari fanko a titin Kingsland da titin Mare suka ɗora tukunya. Haya a wurin ba ta da tsada a lokacin, domin unguwar talakawa ce. Sông Quê, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara, an buɗe shi a 2002.

Abin da ke cikin kwano

Pho ba tsohon abinci ba ne sosai. A farkon ƙarni na 20 ya bayyana a arewacin Biyetnam, tsakanin Nam Dinh da Hanoi, zamanin da Faransawa ke mulki kuma yankan shanu ya ƙaru. Da aka raba ƙasar biyu a 1954, kusan mutum miliyan guda suka yi ƙaura daga arewa zuwa kudu da girkinsu, mutanen Saigon suka ƙara masa zaƙi da ganyaye. Ana sa ƙashin sa mai ɓargo a tukunya, a tafasa sau ɗaya a zubar da ruwan farko, a wanke ƙashin, a sake ɗorawa a wuta ƙasa-ƙasa na sa'o'i masu yawa, ana kwashe kumfa a kai a kai don romon ya fito garau. Albasa da citta sai an babbaka su a wuta sun yi baƙi kafin a jefa. Sannan kirfa, kanumfari, da wani ɗan itace mai ƙamshi mai siffar tauraro. A kwano ana sa taliyar shinkafa, a shimfiɗa nama da aka yanka siriri, a kwarara romo mai tafasa a kai. Zafin romon ne ke dafa naman a gabanka. A gefe za a ajiye faranti da ɗoɗɗoya, barkono ɗanye, tsiron wake da yankin lemon tsami. Kada ka zuba su gaba ɗaya. Fara kurɓar romon yadda ya zo, domin a nan ne aikin mai girki yake, sannan ka gyara yadda bakinka ke so.

Gishirin wannan girki ba daga gishiri kaɗai yake zuwa ba. Ana cakuɗa ƙananan kifaye da gishiri, kamar kashi uku na kifi da kashi ɗaya na gishiri, a zuba a manyan gangunan katako a bar su kusan shekara, sannan a tace ruwan da ya fito ja-ja-ja. Mutanen Biyetnam suna ce masa nuoc mam, na Tailan nam pla. Na tsibirin Phu Quoc ya yi suna har Tarayyar Turai ta ba shi kariyar suna a 2012, ba a yarda wani ya sayar da nasa da wannan sunan ba. Akwai kuma ƙullin jatan lande da aka bari ya ruɓa da gishiri aka shanya, belacan a Malesiya, terasi a Indonesiya, kapi a Tailan. Wanda ya tashi a gidan da ake daka daddawa ba ya buƙatar dogon bayani: a hannu wari ne da ke korar baƙo, a cikin miya kuwa idan babu shi kowa zai ce yau girkin ya yi lami.

A sabbin gidajen, ba a kawo wa kowa nasa kwano. Ana jera ƙananan farantai a tsakiyar tebur kowa ya sa hannu, kuma haka ake ci a Tailan da Malesiya tun asali, shinkafa ce tsakiya, sauran duk mahaɗi ne. Za a kawo satay, nama a tsinke da aka jiƙa da gangamau da ciyawa mai ƙamshin lemo, aka gasa a gawayi, da miyar gyaɗa a gefe. Za a kawo som tam, ɗanyar gwanda da aka fere sirara aka ɗan daddaka a turmi da tafarnuwa, barkono, lemon tsami, sukarin giginya da ruwan kifi. Idan kicin a buɗe yake za ka ji ƙarar taɓarya tana tashi cikin kiɗa. Tsamiya tana ko'ina, ita ce ke ba pad thai, soyayyar taliyar Tailan, ɗanɗanonsa. Barkonon da ya zama tambarin girkin yankin kuwa baƙo ne: daga nahiyar Amurka 'yan kasuwar Fotugal suka kawo shi a ƙarni na 16.

Wasu daga cikin manyan girke-girken na Musulmi ne. Massaman, miyar Tailan mai dankali da gyaɗa da kirfa, ta shigo ne ta hannun Musulmin da suka yi fatauci da masarautar Ayutthaya. Rendang kuwa na Minangkabau ne, mutanen yammacin Sumatra, abincin salla da biki. Ana dafa nama cikin madarar kwakwa da kayan yaji har ruwan ya ƙone, man kwakwar ya fito ya soya naman a hankali, ya yi duhu, ya iya kwana da kwanaki bai lalace ba. Shi ya sa matafiya ke yin guzurinsa. A 2018 an yi rigima a kansa a Birtaniya: a gasar girki ta MasterChef, wani alƙali ya kushe rendang ɗin kaza da Zaleha Kadir Olpin, 'yar Malesiya, ta dafa, wai fatar ba ta yi ƙaras-ƙaras ba. Mutanen Malesiya da Indonesiya da Singafo, waɗanda suka saba jayayya kan wa ke da wane girki, suka haɗa baki suka yi masa ca. Har firaministan Malesiya na lokacin, Najib Razak, da abokin hamayyarsa Mahathir Mohamad sai da suka tofa albarkacin bakinsu, kuma a wannan karon bakinsu ya zo ɗaya.

Mu ma ba baƙi ba ne ga abincin wannan yanki kamar yadda muke zato. Indomie da mai shayi ke soyawa da ƙwai a bakin titin Kano ko Kaduna taliyar Indonesiya ce, ta kamfanin Indofood, ana yin ta a Nijeriya tun tsakiyar shekarun 1990. Shinkafar waje da ta cika kasuwanninmu shekara da shekaru, mai yawa daga Tailan take.

Zancen Tailan ya sha bamban da na Biyetnam, domin su ba gudun hijira ce ta yaɗa girkinsu ba, da hannun gwamnati a ciki. Pad thai kansa, gwamnatin firaminista Phibun ce ta tallata shi a shekarun 1930 zuwa 1940, lokacin da aka sauya sunan ƙasar daga Siam. A 2002 gwamnatin Thaksin Shinawatra ta ƙaddamar da shirin Global Thai, lokacin akwai gidajen abincin Tailan kimanin 5,500 a ƙasashen waje, da nufin a ƙara yawansu ta hanyar horar da kuku, ba da rance da sauƙaƙa fitar da kayan miya. Ma'aikatar ciniki har takardar shaida take bayarwa, Thai Select, ga gidajen da ta gamsu da girkinsu. A Landan kuwa haɗuwar girkin Tailan da mashaya ta riga wannan shiri: tun ƙarshen shekarun 1980 mashayar Churchill Arms da ke Kensington ta ba masu girkin Tailan kicin ɗinta na baya, wasu mashayu da yawa suka kwaikwaya. Mai mashaya ya samu abin da zai zaunar da masu sha, mai girki ya samu murhu ba tare da ya kama shago ba.

Dalilin kantar nan

Duk wanda ya taɓa riƙe gidan abinci a Birtaniya zai gaya maka ribar abinci siririya ce. A kowane kwano gwamnati tana da harajin kashi 20 cikin 100. Mafi ƙarancin albashin babba ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, a wannan watan kuma aka ɗaga kason inshorar ƙasa da mai gida ke biya wa ma'aikaci zuwa kashi 15 cikin 100. Ga kuɗin gas da lantarki, ga haya. Shoreditch da Dalston da a da ake gudu, yau na masu kuɗi ne, musamman tun da jirgin ƙasa na Overground ya iso a 2010. Ganyen lemon Tailan da ɗanyen galangal kuwa jirgin sama ke kawo su, kuma ba sa jure ajiya.

Giya ba ta ruɓewa a kan kanta. Kofin haɗi guda ana yin sa cikin minti biyu ko uku, kuma kuɗinsa yakan yi kusa da na kwanon romon da aka kwana ana dafawa. Mutum ɗaya kwano ɗaya zai ci, amma yana iya shan kofi uku. Lissafin ke nan, babu wani ɓoyayyen sirri. Matasan da iyayensu suka yi shekara ashirin suna sayar da romo da araha sun ga yadda jikin iyayen ya ƙare a tsaye, suka ce su ba za su yi haka ba; suka nemi lasisin sayar da barasa daga ƙaramar hukuma, suka rage haske, suka gajarta takardar abinci. Wasu gidajen kuma ba 'yan yankin ne suka buɗe su ba sam, Turawa ne da suka yi 'yan watanni a Bangkok suka dawo da jari a hannu. Akwai masu ƙwazo a cikinsu da suka koyi girkin da gaske. Amma abin da ciwo a ce jaridu sun fi rububin yabon waɗannan, alhali matar da ta fara daka kapi tun tana yarinya tana can bayan bango tana karɓar albashin awa.

Haɗe-haɗen barasar ma suna da nasu tarihin mulkin mallaka. Singapore Sling, ana danganta shi da Ngiam Tong Boon, mai haɗa abin sha a otal ɗin Raffles na Singafo wajen 1915, lokacin da Turawan mulki ne ke cika zauren. Jungle Bird an ƙirƙire shi a otal ɗin Hilton na Kuala Lumpur a shekarun 1970. A mashayun unguwa na yau ana ɗebo kayan ƙamshi daga kicin ne a kai kanta: ganyen pandan, tsamiya, lemon calamansi na Filifin, barkono, madarar kwakwa.

Ga mai kiyaye addini

Malamai da yawa suna kafa hujja da hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya. Wanda ya tsaya a nan ya ce ba zai shiga ba, ya tsaya a kan hujja, kuma bai kamata abokin aiki ko ɗan'uwa ya matsa masa ba. A Landan ba zai rasa inda zai ci wannan girki ba tare da ya ga kwalba ba. Indonesiya ce ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a yankin, Malesiya kuma hukumarta ta JAKIM na cikin masu tsananin tantance halal a duniya, kuma 'yan ƙasashen biyu suna da ƙananan gidajen abinci a birnin. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Kuala Lumpur ko Kedah sun san nasi lemak, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da yajin sambal, soyayyun ƙananan kifi, gyaɗa, ƙwai da kokwamba. Sun san roti canai da shayin teh tarik da ake ja daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. A 2024 UNESCO ta sa wannan karin kumallo na Malesiya cikin al'adun duniya da ake adanawa.

Wanda kuma lalurar aiki ta shigar da shi, a ganina inda ya fi buƙatar buɗe ido kicin ne. Kwalba a fili take, kowa na ganin ta, ƙin ta ba wuya. Abin da ke cikin tukunya shi ne ba a gani. Girkin Biyetnam da na Tailan sun dogara ƙwarai da naman alade. Yana cikin cha gio, 'yan naɗe-naɗen nan da ake soyawa. Yana cikin burodin banh mi. Ana iya sa ƙashinsa a romon miyar da sunanta na kifi ne ko na ƙaguwa. Taliyar char kway teow ta Penang a asalinta da kitsen alade ake soya ta. Girkin da ke da jinin Sin yakan samu ɗan giyar shinkafa a kasko. Man da aka soya naɗin alade a ciki, shi ne sau da yawa ake soya jatan lande. Naman sa da kaza kuma sai an tambayi inda aka yanka su. A Birtaniya ƙungiyoyin HMC da HFA ne aka fi sani da ba da shaidar halal, kuma wanda yake da takardarsu yakan manna ta a taga.

Tambaya ba abin kunya ba ce a can. Doka ta tilasta wa kowane gidan abinci ya iya faɗin ko girkinsa na ɗauke da ɗaya daga cikin abubuwa 14 da jikin wasu ba ya karɓa, ciki har da gyaɗa, riɗi, kifi, waken suya da jatan lande, saboda haka masu hidima sun saba a tsayar da su a yi musu tambaya, su shiga kicin su dawo da amsa. Alade da giya ba sa cikin jerin dokar, sai ka ambace su da bakinka, kuma ka ambaci romo da man suya, ba nama kaɗai ba. Mu da yawancinmu ke bin mazhabar Malikiyya muna da sauƙi a abincin ruwa, wanda abokanmu Hanafawa na Pakistan da Bangladash ba su da shi a kan wasu halittun teku. Kifin da aka turara da lemon tsami da tafarnuwa da barkono irin na Tailan, ko cha ca na Hanoi, kifin da aka jiƙa da gangamau aka soya da ganyaye, ba abincin maneji ba ne. Suna cikin mafi daɗin abin da kicin ɗin ke fitarwa.

A abin sha ma akwai wurin lura. Kusan kowace mashaya yanzu tana da jerin haɗe-haɗe marasa barasa, musamman tun da irin su Seedlip suka shigo kasuwa a 2015. Sai dai mai haɗawa yakan ɗiga wani ruwa mai ɗaci don ƙamshi, kuma fitaccen cikinsu, Angostura, kashi 44.7 cikin 100 nasa barasa ce. Hannunsa ya saba, yana iya ɗigawa bai yi tunani ba. Ka gaya masa tun farko. Ko kuma ka bar kantar gaba ɗaya ka nemi abin da mutanen ƙasashen ke sha da rana: ruwan ɗanyar kwakwa, soda da lemon tsami, ko kofin Biyetnam. Ƙasar ita ce ta biyu a noman kofi a duniya bayan Burazil. Ana ɗora ɗan ƙaramin matacin ƙarfe a bakin kofi, ruwan yana ɗiga a hankali a kan madarar gwangwani mai kauri, a juya, a zuba a kan ƙanƙara. Yana da ƙarfi. Mai son yin barci da wuri ya sha rabi.

Kuɗin kwano

Akwai wani rashin adalci da ya daɗe yana bin wannan girki a ƙasashen Turai da Amurka. Mutum zai biya kuɗi mai tsoka a kan taliyar Italiya da aka dafa cikin minti goma bai ce uffan ba, amma a ƙara fam ɗaya a kan pho sai ya shiga intanet yana ƙorafi. An sa wa rai cewa abincin baƙi 'yan Asiya dole ya zama mai araha, mai yawa, mai sauri. Har ƙazafi an yi masa: tun wata wasiƙa da aka buga a mujallar likitoci ta New England a 1968 aka riƙa yaɗa cewa farin magi, wanda Kikunae Ikeda ya gano a Japan a 1908 kuma muke saye da sunan Ajinomoto, yana sa ciwon kai a gidajen abincin Sinawa. Binciken da aka yi daga baya bai tabbatar da hakan ba ga wanda ya ci daidai misali, amma tabon ya zauna shekaru.

Wannan raini na cikin abin da ya tura kicin ƙurya. Idan masu ci ba za su biya romo kuɗinsa ba, mai gida zai nemi kuɗin a kwalba, kuma daga ranar da kwalba ta zama mai biyan haya, ita ce za ta riƙa yanke shawara: a ƙara gishiri da yaji don a ji ƙishirwa, a ƙanƙanta faranti, a cire girkin da ke cin sa'o'i a bar wanda ake soyawa nan take. Na fi ganin mutuncin gidan da ya tsaya a kan girki kaɗan ya yi su da kyau ya sa musu farashin gaskiya, a kan wanda ya jera ƙasashe biyar a shafi ɗaya. Yankin da ake kira Kudu maso Gabashin Asiya ƙasashe goma sha ɗaya ne da mutane sama da miliyan 600. Ba kuku ɗaya da zai iya riƙe girkinsu duka. Idan ka ga laksa da pho da pad thai da adobo a takarda ɗaya, tambayi mai hidima daga ina mai girkin ya fito, ka zaɓi abincin garinsu.

Takardar kuɗi idan ta zo, a Landan yawanci za ka ga an ƙara kashi 12.5 cikin 100 na hidima. Ba dole ba ne, ana iya cewa a cire, amma albashin masu aikin da shi yake cika. A da wasu masu gidaje sukan riƙe wani kaso. Tun 1 ga Oktoban 2024 doka ta wajabta a miƙa wa ma'aikata kuɗin gaba ɗaya, a raba bisa adalci, kuma gidan da ake yawan ba da tukwici ya kasance yana da rubutacciyar ƙa'idar rabon. Ba laifi ka tambaya ko masu girki da masu wanke-wanke suna cikin waɗanda ake raba wa.